Maƙerin da Ke Ƙira a Tsaye

A shekarar da ƙofar ƙarfe ta faɗo wa babana a ƙafa, ni babban tashin hankalina talabijin ne, kuma har gobe ban ga laifina ba. Ina 'yar firamare lokacin, muna zaune a unguwar Bani Malik a Jidda cikin wani tsukukun gida: falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, sai wata siririyar matakala da ta wuce su ta ɓulle saman rufi inda Umma ke shanya. Da aka sallamo Baba daga asibiti aka ga ba shi da halin hawa sama, sai aka shimfiɗa masa katifa a falo, daidai gaban talabijin ɗina. Na ce nawa, don duk gidan ni kaɗai na san darajarsa.

Baba a wata warsha yake aiki can bayan gari, inda ake waldar ƙofofi da tagogi. Dogo ne mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Idan ya taso aiki da yamma, tun daga bakin layi ake jiyo muryarsa yana tsokanar mai baƙala, wato kantin unguwa, wai burodinsa ya fi ƙarfen warsha tauri. Ni kuwa "uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka duk rashin jin da zan yi ba ya iya ɗaga mini murya. To wannan mutumin aka dawo mana da shi a kwance, an tsaga ƙafar an ɗaure ƙashin da ƙarfe. Likita ya faɗa a gaban Umma, ya kuma maimaita: lallai ya riƙa takawa yana lanƙwasa gwiwar kullum, ko da zai yi kuka. In ya bari ta sandare, halas, ta sandare ke nan, babu aikin da zai sake buɗe ta. Suka haɗo shi da wata farar sandar asibiti mai sheƙi.

Baba ya ɗaga sandar nan, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya saurara, ya ce, "Gwangwani." Ya jingine ta a bango bai ƙara taɓa ta ba.

Daga nan aka shiga daru. Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi fushi ta daina magana, ta dawo ta sake lallashi. Abokansa suka zo dubiya suka ba shi baki, ya ce ya ji, suna fita ya juya fuskarsa bango. Ko banɗaki sai dai ya dafa kafaɗar Umma yana jan ƙafar a miƙe kamar itace. Wata rana na ji shi yana ce mata, "Hajiya, ni da nake ɗaga ƙofa ni kaɗai, in bi layin nan ina ɗingishi yara na kallona? A warsha tsaye ake yini. Mai aikin ƙarfe in ƙafa ta tafi, ai ya gama." Umma ta shige kicin. Kullum da safe takan zauna ta gwada lanƙwasa masa gwiwar da hannu, kuma kullum gwiwar tana ƙara ƙi. Ko ni da nake yarinya na lura dariya ta ɗauke a gidanmu, kuma abin yana ba ni tsoro.

Amma tsoro daban, katun daban. Akwai wani katun da ake sakawa da rana bayan mun taso makaranta, an juya shi zuwa Larabci, irin Larabcin littafi mai nauyin nan. Labarin wasu manya ne da ke zaune a kan wani dutse can sama da gajimare, kullum cikin rigima. Duk 'yan ajinmu suna kallo, wadda ba ta kalla ba kuwa gobe ba ta da bakin magana a filin makaranta. Na haƙura na kwana biyu don an ce mara lafiya na son shiru. Da haƙurina ya ƙare sai na lallaɓa na kunna, na rage murya, na zauna a ƙarshen katifar Baba. Yana kwance ya ba ni baya.

A cikin manyan nan akwai wani ƙaton maƙeri mai cikar gemu, damatsa kamar turmi, yana zaune cikin wani dutse mai aman wuta. Shi yake ƙera wa sauran takubba da garkuwa, har da tsawar da babbansu mai farin gemu ke jifa da ita. Ƙafarsa ɗaya gurguwa ce, in yana tafiya sai ya karkace. Ni dai shi na fi so, don shi kaɗai ne ba ya surutun banza. Ran nan yana cikin dukan ƙarfe, tartsatsi na tashi, sai na ji murya a bayana.

"Wa ya koya wa wannan riƙon masaba?"

Na waiga. Baba ya juyo, ya tokare da gwiwar hannu, ya haɗe gira. Hausata a lokacin ta kunne ce, ina ji sarai amma in zan mayar sai Larabci ya riga ta fita. Na ce, "Esh masaba, ya Baba?"

"Gudumar maƙeri. Dubi yadda ya shaƙe mata wuya! Haka ake riƙo? Kai, kai, kai. Ƙarfen ma ai ya huce, me yake duka?"

Wallahi sai na ji haushi. Mutumin da na fi so a duk katun ɗin, daga juyowa sai kushe. Na ce ai shi ya fi kowa iyawa a duniya. Baba ya ce duniyar su wa, ya koma ya kwanta, amma bai juya bango ba.

Washegari tun kafin in ajiye jaka ya ce, "Uwata, yau babu gwanin naki ne?" Na kunna. Muna cikin kallo Umma ta shigo da shayi, ta tsaya tana duban allon, ta tambaye ni su wane ne waɗannan masu yawo da zani a kafaɗa. Ni da son nuna sani sai na zuba mata abin da na ji a makaranta: wai da can mutanen Girka bauta musu suke yi, kowanne da abin da aka ce yana riƙe da shi, wannan na wuta ne da ƙira.

Umma ta dire tiren shayi har kofi ya yi tsalle. "A'uzu billahi! Gumaka? A falona? Ga mara lafiya a kwance muna neman sauƙi wurin Allah? Kashe shi yanzun nan!"

Na buɗe baki zan fasa ihu, sai Baba ya ɗaga hannu. "Hajiya, tsaya. Ki dube shi da kyau. Gumi fa yake yi. Kin taɓa jin abin bauta yana gumi? Mu Allah ɗaya muka sani, yarinyar nan ma ta sani. Wannan ma'aikaci ne ɗan'uwana, an dai laƙaba masa babban suna ne don a riƙa sa shi aiki babu hutu. Kin ga wancan mai farin gemun? Kafilinsa ne, ubangidansa na aiki. Tun jiya yake karɓar kaya, ko sannu bai ce masa ba."

Umma ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta dube shi, ta dube ni. Rabon da ta ji ya jera magana mai tsawon haka tun kafin asibiti. Ta ce, "To ni dai babu ruwana, Malam, kai da 'yarka," ta ɗauki tsumma ta goge shayin da ya zube.

Shi ke nan, katun ya zama namu mu biyu, ni ina yabo shi yana gyara. Ya ce wutar ta yi yawa, maƙeri ba gobara yake nema ba. Ya ce babu mai yi masa zuga, to iskar daga ina take zuwa? Ya ce ana tsoma takobi a ruwa da wannan jan, ai sai ya tsage. Ran da aka nuna sauran manyan suna yi wa maƙerin dariya saboda tafiyarsa, Baba ya yi ƙwafa. Can kuma da rikici ya taso duk suka ruga wurinsa neman makami, sai ya ce, "Ai dama." Duk wannan a kwance yake yinsa. Gwiwa dai tana nan yadda take, Umma kuma ta fara ramewa.

Abin ya zo ne wata rana da aka nuna maƙerin ya yini yana aiki, yana ɗingisawa daga wuta zuwa uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka, ya koma ya dawo. Baba ya tashi zaune da ƙarfi har filo ya faɗi.

"Yau na gane ciwon mutumin nan! A tsaye yake ƙira! Da gurguwar ƙafa! Shi ba shi da manya ne a gidansu? Maƙeri ai zama yake yi. Ka zauna a ƙasa, wuta nan kusa da hannunka, uwar maƙera a gabanka, ruwa a gefe, ba inda za ka. Babana har ya tsufa ban taɓa ganin ya daki ƙarfe a tsaye ba."

Ban taɓa ganin kakan nan nawa ba, amma na san labarinsa. Daga ƙasar Katsina ya taso da niyyar hajji, ya ratso Sudan, ya ƙetaro teku, duk da uwar maƙerarsa a cikin kaya. Bayan ya sauke farali ya zauna a unguwar Ruwais a nan Jidda yana ƙera wa masunta ƙusoshin jirgi da ƙugiyoyi, a nan aka haifi Baba. Ƙarfen yana saman rufinmu, kafe a cikin wani kututture, kuma ni iyakar sanina da shi abin ɗaure igiyar shanya ne.

Na gaji da a riƙa kushe mini gwani. Na miƙe na riƙe ƙugu, na haɗa Larabci da 'yar Hausar da nake da ita na ce, "Ba a ƙira a zaune! Ni ban taɓa gani ba. Inta ma kullum a tsaye kake yi a warsha. Shi ya iya, kai kana kwance kana magana bas, magana kawai!"

Umma da ke bakin ƙofar kicin ta dafe ƙirji. A wani gidan da na sha mari, kuma da na cancanta. Baba ya zuba mini ido. Sannan ya ce, "Uwata, ni kike ce wa magana bas?" Ya yaye mayafi. "Hajiya, ina tsohuwar jakar babana? Ke kuma leƙa ki gani ko akwai kowa a rufin maƙwabta."

Yadda ya hau matakalar nan abin dariya ne da ban tausayi a haɗe. Da baya ya hau, a zaune, yana ɗaga jikinsa da hannuwa yana jan ƙafar, yana tsine wa magini wanda ya yi matakala kamar ta tantabaru. Umma ta miƙa hannu ya ce kada ta taɓa shi. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ga zafin Jidda mai danƙo ko bayan la'asar. Da ya isa sama ya ga igiya ɗaure a wuyan uwar maƙera, sai ya manta da gajiya.

"Hajiya! Gadon gidanmu kika mayar abin shanya?"

"Shekara da shekaru tana riƙe da wandunanka, ban ji ka yi ƙorafi ba sai yau."

Ya kwance igiyar, ya shafa kan ƙarfen da tafin hannu, ya yi bisimilla. A jakar kakana aka sami masaba da awartaki, sun yi tsatsa amma lafiyarsu ƙalau. Zugazugin fata kuwa ya bushe ya farfashe, ana taɓawa ya zube. Baba ya jera bulo, ya cusa guntun bututu ta ƙasa, ya sa aka kawo gawayin da muke gasa nama da salla, sannan ya zauna yana tunanin iska. Ni ce na kawo shawarar, kuma ina so a rubuta wannan a san da shi: istishwar ɗin Umma, na'urar busar da gashi da take ji da ita, wadda ba ta fito da ita sai za a je biki.

Umma ta ce sai dai bayan ranta. Ba a jima ba sai ga ta da kanta tana warware waya daga ɗakin sama.

Na durƙusa na saita bakin istishwar a bututu na danna. Gawayi ya yi ja, ya koma ruwan ɗorawa, ya fara huci. Baba ya zauna dirshan a ƙasa, ƙafar mai ciwo a miƙe, ya jawo wani rodi da magina suka bari tun gyaran rufi ya cusa kansa a wuta. "Zuga, uwata! Ya isa. Zuga!" Da ya zaro shi ya ɗora ya sauke masaba, sai na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ba irin ta talabijin ba ce. Yana dukan ƙarfen, yana ɗan taɓa uwar maƙera a tsakani, abin ya zama kamar kiɗa. Ko taku ɗaya bai yi ba, komai na nan inda hannunsa ke kaiwa. Na ji kunya ta kama ni a madadin gwanina, amma ban faɗa ba.

Maƙwabcinmu ɗan Yaman ya leƙo ta katanga yana ihun gobara, ya ga abin da ake yi, ya ɓace, sai ga shi ya dawo da wata tsohuwar wuƙa wai a duba masa. Baba ya ce ya bi layi.

Na tambaye shi me muke ƙerawa, takobi ko garkuwa. Ya ce in zuga in daina tambaya. Aikin bai ƙare ran nan ba, kuma ina zargin da gangan ya ƙi ƙarewa. Kullum in mun gama kallon katun ya gama zagin riƙon masaba, sai a kama hanyar rufi. Da farko da baya a zaune, daga baya ya fara dafa bango. A hankali rodin nan ya miƙe sambal, ya daddake masa ƙurajen jikinsa ya yi sumul, ya buɗe ƙasansa ya yi faɗi. Sai da ya fara lanƙwasa kan na gane sanda ce.

A wurin lanƙwasar ne ƙarfen ya yi ta zillewa. Hannu ɗaya na riƙe da awartaki, ɗayan da masaba, jelar rodin kuma tana ta rawa. Baba ya yi tsaki, hankalinsa duk yana kan jan ƙarfen kada ya huce, sai kawai ya janyo ƙafa ya take jelar, yadda ya ga babansa yana yi. Ƙafar mai ciwo ce. Gwiwar da ta gagari Umma, ta gagari likita, ga ta nan a naɗe, shi kuwa yana ta duka bai ma sani ba. Na buɗe baki zan yi magana, Umma da ke tsaye da kwandon wanki ta zaro mini ido ta ɗora yatsa a leɓe. Hawaye na zubo mata, tana murmushi, ta ci gaba da shanya rigar da ta riga ta bushe. Sai da ya gama ya ajiye masaba sannan zafin ya iso masa, ya dubi ƙafar, ya ce, "Wash! Wa ya naɗe mini ita?" Muka fashe da dariya, har da shi, irin dariyar nan tasa da maƙwabta ke ji.

Istishwar dai bai ƙara komawa biki ba, don duk gashin da ya busar sai ya yi warin gawayi. Har yau in Umma ta so tsokana takan ce muna riƙe mata da bashin kwalliya.

Ran da zai fara fita, sallar la'asar ce a masallacin unguwa. Ya sa farar jallabiya, ya ɗauki sandarsa, baƙa, mai nauyin tsiya, wadda ba mai iya yawo da ita sai shi. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa yana duban layi. Yara na ƙwallo, mata na dawowa daga baƙala, kowa na nan. Ɗingishin bai tafi ba, kuma bai taɓa tafiya ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi bisimilla ya taka. Sandar ta ce ƙwal a kan kwalta, ya karkace, ya sake takawa.

Ni kuwa ban san lokacin da na suri sandar tsintsiya na bi bayansa ba. Na ga gwanina na talabijin yana tafiya haka, na ga babana yana tafiya haka, a wurina tafiyar manyan maƙera ke nan. Na karkace kafaɗa, na ja ƙafa, ina bin sawunsa da iyakar gaskiyata. Yaran layi suka tsayar da ƙwallo.

"Ke!" Muryar Umma ce daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa amma da kaifi. "Babanki kike kwaikwayo? Dawo nan!"

Baba ya tsaya. Ya juyo a hankali ya dube ni, ni da sandar tsintsiya da karkatacciyar kafaɗa, a gaban duk mutanen da ya yi ta gudun idonsu. Na ce a raina yau kam na ɓata komai, zai koma katifa.

Ya ce, "Ba haka ba ne, uwata. Sanda tukuna, sannan ƙafa. Sake in gani."

Na sake. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ƙyale ta, Hajiya. Tafiyar gidanmu take koya."

Na raka shi har kwanar masallaci na juyo da gudu. Na tarar da Umma ba ta shiga ciki ba, tana tsaye riƙe da ƙofa ta karkata kunne. Can daga bakin layi muka jiyo shi yana tambayar mai baƙala ko har yanzu da guduma ake yanka burodinsa.